Yadda Ake Mayar da Tsakar Gidan Siminti Lambu

Tsakar gidan da aka malale da siminti, ko aka shimfiɗe da intalok, iri biyu ce a Kano da kewaye: wadda ciyawa ta riga ta cinye, da wadda damina ɗaya ta rage mata. Dalilin daɓe ta tun farko sananne ne. Mai ginin ya gaji da taɓo, ya gaji da shara, birkila kuma ya rantse masa cewa ranar da siminti ya bushe an yi bankwana da ciyawa. Bayan 'yan shekaru daɓen yakan tsage, ƙurar hunturu ta cika tsagar, tsuntsu ya kawo iri, ruwan Yuli ya ƙarasa aikin. Wanda ya gaji gidan ko ya saya shi ke tashi da burin lambu. Irin wannan bawan Allah ba ya bukatar a karantar da shi cewa siminti yana wuni yana shan rana ya amayar da zafin da dare. Duk wanda ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida a watan Afrilu, zafi ya haura maki 40, ga shi an ɗauke wuta, ya sauke wannan karatu tuntuni.

Mataki na farko shi ne sanin waɗanda suka riga mai gida tarewa a wurin. Tafasa da rai-ɗore da zaƙi-banza mutanen kirki ne, hannu ɗaya ke tuge su, wasunsu ma har a tukunya suna da amfani. Ƙarangiya da tsidau ba a ganinsu da ido, tafin ƙafa ke gano su, galibi da asuba a hanyar alwala. Idan aka ga 'yar cediya ko durumi ta leƙo daga tsagar katanga, a cire ta a ranar, domin saiwarta na raba bulo da bulo, kuma ranar da katangar ta faɗi ba za a samu tsuntsun da ya shuka ta ba balle a kai shi ƙara.

Sai aya-aya. Wannan ciyawa, mai siririn ganye da 'yan ƙwayoyi a ƙarƙashin ƙasa, masana aikin gona sun daɗe suna lissafa ta cikin mafi taurin kai a duniya, kuma babu wanda ya taɓa zama da ita ya yi musu gardama. Ƙwayoyin a sarƙe suke da juna ta wani zare siriri. In an ja ganyen sai zaren ya tsinke, ƙwayar ta yi zamanta. In an sa fartanya, an raba sarƙar gida-gida ke nan, kowane guntu ya tsiro da kansa, wato mai gida ya biya lebura ya yi masa dashen abin da yake neman kashewa. Maganin feshi yakan ƙone ganyen, ya bar wa mutum makonni kaɗan na fahariya a gaban iyali, sannan sabon kore ya leƙo daga tsakanin intalok ɗin da aka feshe. Tana huda leda. Tana jure rani a kwance, ba ta neman ruwan kowa. Abin da ta ƙi jini shi ne inuwa mai kauri, da kuma a tone ƙasar a tsince ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya a shanya su a rana. Wannan hanya ta biyu tana aiki, sai dai tana bukatar mutumin da ba shi da kasuwa, ba shi da ofis, ba shi da ciwon baya.

Mataki na biyu, zane. A samu takarda da biro a zana inda kowace bishiya za ta tsaya. Amfanin takardar shi ne a samu abin da za a gabatar wa majalisar gida, wadda za ta yi mata gyara. Uwargida za ta nuna inda igiyar shanya take, inda ake kafa turmi, da inda ake jera murhu ranar biki ko suna. “Malam, in ka shuka nan, ina za a kafa rumfa?” tambaya ce da har yau ba a samo mata amsa ba. Mota na son wurin juyawa. Ragon layya na son turke. Yara sun riga sun mayar da tsakiyar filin ƙwallo, kuma ba su da niyyar tattaunawa. Abin da ya rage bayan wannan rabo, yawanci wani zirin ƙasa ne a jikin katangar bayan gida, shi ake kira lambu.

Na uku, fasa daɓe. Intalok yana da sauƙin kai: a zare ɗaya da ƙarfe, sauran su biyo, kuma a iya sake jera su su zama hanyar tafiya tsakanin shuke-shuke. Siminti ne ba ya sakin hannu. Akwai lissafin da ya kamata a yi kafin a kira leburori, wanda kusan kowa bayan sun tafi yake yinsa. Filin da ya kai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi, mai kaurin daɓe santimita 10, kankare ne mai nauyin kusan tan 24. Saboda haka masu hankali ba sa fasa duka. Sukan yanke ramuka inda za a dasa bishiya, kowanne kamar mita ɗaya a kowane gefe, su bar sauran. Marasa haƙuri su ke cewa a tashe shi gaba ɗaya a huta.

Leburan zai dubi daɓen, ya buga diga sau biyu, ya ce, “Alhaji, wannan ai aikin yini ɗaya ne.” Zuwa azahar farashi ya canza, domin an tarar wanda ya yi daɓen ya zuba shi a kan wani tsohon daɓen. Zuwa la'asar kuma digar ta samu bututun ruwa. Kullum tana samunsa. Babu zanen da ya nuna inda ya bi, mai famfon da ya binne shi ya bar gari, kuma bututun bai bi ta inda hankali zai kai shi ba, ya yanko tsakiyar fili a karkace don a rage tsawon fayif ɗaya. In an yi sa'a na ruwan sha ne. In ba a yi ba, wanda ya nufi sokawe ne, kuma unguwa za ta sani kafin magariba. A nan fa ba batun raha ba ne: mutumin da zai binne bututu da wayar lantarki a ƙarƙashin kankare, bai sa alama ba, bai bar takarda ba, ya zalunci duk wanda zai zauna a gidan bayansa, kuma abin ya zama ruwan dare har ba a ɗaukarsa laifi.

Ɓaraguzai ba su da lamba a cikin matakan, domin ba wanda ke tuna su sai sun taru. Mai tifa zai zo ya duba lungun ya ce motarsa ba ta shiga. Sai a koma baro, a riƙa turawa bakin titi. Maƙwabcin da ya yi alkawarin kwashe su don cike ramin ƙofar gidansa zai ɗauki baro biyu ya ce ya gode. Sauran tsibin yakan zauna a kusurwa, ƙadangaru su tare, kunama ta biyo, tumfafiya ta fito a samansa ta yi fure. Ita ce shukar farko da ta kama a sabon lambun.

Mataki na huɗu, ko na biyar, ƙasa. Abin da ke ƙarƙashin daɓe ciko ne: guntayen bulo, buhunan siminti, ledar ruwa, gwangwanin tumatir, da takalmi ƙafa ɗaya. Dole a kwashe a kawo ƙasar noma a gauraya da taki. Takin ya zama wanda ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin shanu yana ƙone saiwa, yana gayyato gara, kuma yana zuwa da irin duk ciyawar da saniyar ta ci tun daga daji, har da waɗanda ba a taɓa gani a unguwar ba.

Ruwa kuma fuska biyu gare shi. Ruwan sama milimita 30, wanda ba abin mamaki ba ne a dare ɗaya cikin Agusta, lita 3,000 ne a kan wancan fili mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi, jarka 120 ke nan mai cin lita 25. Da, gangaren daɓen ke kora shi zuwa rariya. Yanzu an haƙa rami a hanyarsa. In ba a bar masa mafita ba, lambun ya zama kududdufi, gwanda ta ruɓe daga gindi, sauro ya yi godiya. Daga Oktoba kuwa sama ta rufe, sai a koma ƙirga jarkokin 'yan garuwa, ana rabon ruwa tsakanin wanki da bishiyar da ba ta kai gwiwa ba.

Abin shukawa ba shi da wuyar zaɓe. Zogale, lemun tsami, rumman, gwaiba da lalle duk suna jure ƙaramin wuri, a dasa su bayan ruwa ya zauna. Mangwaro da darbejiya a nisanta su da katanga da sokawe. Darbejiya ma ba sai an saya ba, ta maƙwabci za ta aiko da 'ya'yanta kyauta kowace shekara. Batun furanni an tsallake shi, saboda akuya.

Akuyar gida na iya cinye aikin wata uku kafin a idar da sallar la'asar, don haka kowace shuka tana bukatar keji na waya ko da'irar bulo, kuma kuɗin kejin yakan ninka na shukar. Zogalen da ya tsira ya yi ganye kuwa, ba a daɗe ba za a ji sallama a zaure, yaro riƙe da kwano: “Wai in ji Umma, a sam mata na kwaɗo.” Ana ba shi. Washegari ƙanensa zai zo da kwanon da ya fi girma.