Ƙa'idojin Auna Cikin Katin Kyamara a Daren Biki

Katin ajiya, wanda masu sana'a ke kira mimori, ɗan falle ne da bai fi girman kan sarki ba, kuma a cikinsa kyamara ke zuba duk abin da idonta ya gani. Ana auna cikinsa da gigabayit, wato giga a bakin 'yan kasuwa, lissafinsa kuma ba shi da wuya a takarda: kyamarar da ke ɗauka a ma'aunin 1080, tana zuba megabit 24 a kowace daƙiƙa, takan ci kusan giga 11 a awa guda, saboda haka kati mai giga 32 zai kai awa uku ba kaɗan, amma idan aka ɗaga ta zuwa 4K mai megabit 100, minti 40 da 'yan kai ya isa ya cika shi maƙil. Kada mai saye ya ɗaga hankalinsa idan kwamfuta ta nuna masa 29.8 maimakon 32, domin masana'anta da dubu take ƙirga, kwamfuta kuwa da 1,024. Mudu ne kawai aka ɗan buga wa gindi.

Sai dai waɗanda suka yi wannan lissafi ba su taɓa halartar wushe-wushe a Dusuman ba, can cikin Ƙaramar Hukumar Jere a gefen Maiduguri, wato daren shagalin da Kanuri ke yi a gidan amarya, inda ganga da algaita ba su san agogo ba. A irin wannan wuri ma'aunin gaskiya shi ne gwaggo. Kowace gwaggo ta sha sabuwar laffaya, ta turara ta da turaren wuta wanda kati ba ya iya ɗauka, kuma ba za ta matsa daga gaban kyamara ba sai ta gama liƙi, ta juya, ta nuna lallen hannunta biyu. Don haka ya wajaba mai kyamara ya ƙirga gwaggwanni tun daga ƙofa, ya ninka adadinsu sau biyu saboda dangin ango, sannan ya manta da 4K gaba ɗaya, tunda a ƙarshe ta WhatsApp za a kalli bidiyon, shi kuwa matse shi yake yi har a kasa bambance amarya da ƙawarta.

Jawabin kawu yana da nasa magani. Tsofaffin kyamarori da yawa sukan tsaya da kansu a minti 29 da daƙiƙa 59, saboda harajin da Tarayyar Turai ta taɓa ɗora wa na'urar da ke ɗaukar minti 30 a jere, kuma mai hikima yakan bar ta a tsaye, ya ci gaba da saita ta a fuskar kawu cikin ladabi yana gyaɗa kai.

Abin tsoro na haƙiƙa shi ne katin jabu, wanda aka rubuta wa 128 alhali cikinsa bai fi 8 ba, yana karɓar komai ba musu, sai an je tacewa a tarar da wayam. A gwada kowane kati a gida ta hanyar cika shi da sake kunna abin da ke ciki, sannan a ɓoye na biyu a aljihun gaba, kada a fito da shi sai an ji guɗar fito da amarya.