Doka Mai Ciwon Wuya

Na daɗe ina zargin dokar tsafta ta garinmu tana fama da ciwon wuya. Ba ta iya ɗaga kai. Duk abin da tsayinsa ya wuce gwiwa, ba ta ganinsa. Shi ya sa take hango ledar fiya wata ɗaya tal daga ƙarshen layi, amma tsaunin bolar da ke bayan firamarenmu, wanda awaki ke hawa su sha iska suna kallon gari, har yau ba a kai mata labarinsa ba.

Asabar ɗin ƙarshen watan jiya aka kama mai shayin bakin layinmu. Laifinsa biyu. Ya hura wuta da ƙarfe takwas, alhali daga bakwai zuwa goma an ce kowa ya zauna gida ya yi shara. Sannan an ga ɓawon ƙwai a ƙarƙashin bencinsa. Jami'ai huɗu suka zo: ɗaya da littafin rasit, ɗaya da sanda, biyun kuma ga alama tsuke fuska aka ɗauke su yi.

"Malam, ka san yau wace rana ce?"

"Asabar, ranka ya daɗe."

"Wace Asabar?"

"Wadda ke bin Juma'a, yallaɓai."

Wannan amsa ta ƙara wa tarar nauyi. Da ya ga abin na gaske ne, sai ya sassauta murya: "To yallaɓai, don gaba, ina zan riƙa zubawa?"

"Inda hukuma ta tanada."

"Ina ne wurin?"

Mai rasit ya dubi mai sanda, mai sanda ya dubi masu fuska. Can aka ce masa, "Wannan ba sashenmu ba ne. Mu na tara ne. Masu kwandon shara ofishinsu daban."

Na bi su har kotun tafi-da-gidanka, a gindin dalbejiya. Duk mai cewa shari'a na tafiyar hawainiya a ƙasar nan bai taɓa zuwa wurin ba. Rikicin gona sai ya shekara goma, mai ƙara ya mutu, 'ya'ya su gaji takardun, amma a nan minti uku an ji, an yanke, an karɓa. Ga layin masu laifi: ɗan garuwa da kurarsa, yarinya da farantin ƙosai, mai adaidaita sahu, sai wani dattijo da ke ta rantsuwa jana'iza za shi.

Muna nan tsaye sai ga wata baƙar jif mai baƙin gilashi. Aka janye shinge, aka sara mata. Gilashin ya yi ƙasa kaɗan, wani hannu mai agogo ya leƙo, ya saki robar ruwa. Ta gangaro har kusa da teburin shari'a. Ashe ciwon wuyan har da waiwaye yake hanawa. Ɗan garuwa ne kawai ya ja da baya, don ya san in robar ta kwanta kusa da ƙafarsa, a doka ta zama tasa.

Abin ya samo asali. Kakata ta sha ba mu labarin duba-gari na zamanin Turawa, mai leƙa randa yana neman tsutsar sauro. Da an ji yana unguwa, mata sai su hau tuntsurar da ruwan da suka sha wuya suka ɗebo. Daga baya, a 1984, gwamnatin Buhari da Idiagbon ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a, wanda ya koya wa manya tsallen kwaɗo, kuma daga cikinsa sharar wata-wata ta fito. Shekara arba'in ke nan muna shara. Da a ce tara na kwashe bola, da yanzu ana cin tuwo a kan titi.

Kada dai mai karatu ya ɗauka mu waliyyai ne. Mu ne masu tsotse fiya wata mu saki ledar kamar ta ƙone mana hannu. Mu ne masu ba almajiri shara da daddare, muna sane ba zai wuce kwatar maƙwabci ba, gari ya waye mu fi kowa salati. Ranar tsaftar kuwa, magidanta su rama barci, samari su kafa ƙwallo a tsakiyar titi. 'Yan ƙalilan da suka fito su yashe kwata, su tara taɓon a bakinta suna jiran motar kwasa. Rana ta busar, iska ta watsa, ruwan sama ya mayar da ragowar inda aka ɗebo. Akwai wani shuɗin silifas da na tsamo sau biyar a damina ɗaya. Mun saba, yanzu har gaisawa muke.

A Ruwanda ma Asabar ɗin ƙarshen wata ce ranar aikin gayya, sai dai can shugaban ƙasa kan ɗauki shebur, kuma tun 2008 suka haramta leda daga tushe, har a filin jirgi ƙwacewa ake. Mu kuwa a ƙera ta halal ne, a sayar halal ne, ba ta zama laifi sai ta suɓuce daga hannun talaka. A Legas, Babbar Kotun Tarayya ta ce a 2015 babu dokar da ta halatta tsare mutane a gida don shara. Hukuncin dai ya yi tsayi, ya wuce gwiwa.

Mai shayi ya biya abin da ya fi cinikin safiyarsa. Goma na bugawa ya sake hura wuta, kuma baƙinsa na farko su ne jami'an nan huɗu, don aiki ya sa su yunwa. Shayi mai kauri, biredi, ƙwai bibbiyu. Mai rasit ya zare ledar biredi ya sake ta ƙarƙashin benci. Ban taɓa ganin mutum ya yi sufa irin ta mai shayin nan ba. Kafin ta taɓa ƙasa ya cafe ta, ya cusa a aljihu.

Jiya na tambaye shi, ya ce tana nan. Yana jira ne a nuna masa ofishin masu kwandon.