Gawar da Ta Gudu

Gwiwata har yanzu a kumbure take, don haka bari in faɗa da zafinsa.

A ajinmu na wasan kwaikwayo aka ce mu shirya Antigoni, wanda Sofokilis ya rubuta a Atina wajen shekara ta 441 kafin haihuwar Annabi Isa. Ni aka ba Haimon, ɗan Kiriyon sarkin Tibis, saurayin da ya soke kansa da takobi bayan ya tarar da budurwarsa Antigoni ta rataye kanta a kogon da ubansa ya rufe ta. Girkawa ba su cika kisa a gaban 'yan kallo ba. A bayan fage ake mutuwa, ɗan aike ya kawo labari, sannan a fito da gawa. A rubuce, sarki ne ke shigowa da gawar ɗansa. To, Kiriyon ɗinmu siriri ne, ni kuwa ba na wasa da tuwo. Ya gwada ɗaga ni, bayansa ya amsa. Darakta ta ce ai Girkawan ma suna da wani dandamali mai ƙafafu da suke turo gawa a kai. Muka ari kurar wani ɗan ga-ruwa, aka sauke jarkoki, aka shimfiɗa zanen gado, aka saka dutse a ƙarƙashin taya, domin filin da muke gwaji gangare ne.

Na kwanta. Aka kwarara mini zoɓo a ƙirji a matsayin jini. Darakta ta ɗaga yatsa: "Gawa ba ta motsi, ko da gini zai faɗo mata." Na rufe ido, Kiriyon ya fara kukan ɗansa.

Sai na ji muryarsa tana raguwa. A raina na ce, kai, yau yaron nan ya iya baƙin ciki, har murya ta shaƙe. Sai muryar 'yan amshi ma ta yi nisa. Sai iska mai daɗi ta fara kaɗa mini kunne. Na buɗe ido ɗaya: rassan darbejiya ne ke wucewa ta samana, da sauri kuwa.

Nan ne wurin da ke hana ni barci. Na san kura tana tafiya. Na san a ƙasan gangaren akwai kwata. Amma na mayar da idona na rufe, saboda an ce gawa ba ta motsi. Har hannuna da ya zamo na gyara shi a hankali, ya yi lilo yadda ya dace da mamaci. A baya ina jin sarkin Tibis yana gudu da kambun kwali, da 'yan amshi, wato dattawan gari goma sha biyar masu gemun auduga suna ihu, "A tare shi! A tare gawar!"

Wata mai awara ta hango mutum kwance jina-jina yana nufo ta a kan kura, ta fara salati. Daidai gabanta na miƙe zaune na kurma, "Wayyo Inna!" Ta watsar da tire, ta ranta a na kare. Ni kuma na shige kwata, da zanen gado da komai.

Ana cikin tsamo ni sai ga Baba maigadi, riƙe da dutsenmu. Ashe ara ya yi don ya buga ƙusar bencinsa. Bai ma kalli dutsen ba.

"Ɗan nan, da ka sa auduga a hanci, da ba ka shaƙi ruwan kwata ba. Gawa sai da auduga."

Ya juya wajen darakta. "Malama, ni fa tun ranar farko ina jin rigimar nan taku. Yarinya tana son binne ɗan'uwanta, ko ba haka ba? A kira liman, a sanar da mai unguwa, kafin la'asar an gama. Da duk wannan mace-macen bai taso ba."

Darakta ta daure ta ce, "Baba, ai sarki ne ya hana a binne shi. Wasan ke nan gaba ɗaya."

"To a samu dattawa su ba shi baki mana."

Ta nuna masa 'yan amshi, suna haki, gemun wasu ya koma kunne. "Ga su nan, Baba."

Ya kalle su sama da ƙasa. "Waɗannan? Waɗanda kura ma ta gagare su?"