Ranar Farko a Asibitin Khartum: 'Yan Tambuwal da Kebbe Kala-Kala

Kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023, ɗaliban Sakkwato masu karatun likita ba su da wuyar gani a Khartum. Idan aka gama zaman aji aka tura su asibiti koyon aiki, ranar farko ce ke tona halin kowa.

Ga Ustazu nan a gaba. Tun a Islamiyyar Tambuwal ya haddace nahawu, don haka ya naɗa kansa tafinta. Zai tsaya a kan mara lafiya ya zuba masa Larabcin littafi, kowace kalma da wasalinta. Bawan Allah ya saurara cikin ladabi, ya amsa da Larabcin Sudan. Ban da "ya zol", Ustazu bai tsinci komai ba, amma ya juyo ya ce mutumin ne bai iya Larabci ba.

Sai Dakta Mai Hoto. Bai taɓa jikin kowa ba tukuna, amma farar riga da abin awon ƙirji a wuya sun isa Facebook kafin ƙarfe 9. Kafin la'asar labari ya gama garinsu Dogon Daji, gwaggo ta bugo waya tana tambayar maganin hawan jini.

Ɗan Kebbe kuwa aikinsa gyara. Babban likita ya tambaye shi garinsu don gaisuwa kawai, shi ya ɗauko bayani: Kebbe, ba Kebbi ba, Kebbe ƙaramar hukuma ce a Sakkwato, Kebbi jiha ce. Likitan da Kano kaɗai ya sani a Nijeriya yana ta gyaɗa kai.

Wani bai zo ba sam. Ya manta a can Lahadi ce farkon mako, yana gida yana wanki.

Akwai Jarumi, mai bugun ƙirji cewa shi ke yanka ragon layya a gidansu. Ana buɗe ciwon farko ya sulale ƙasa, ma'aikatan jinya suka bar mara lafiya suka koma yi masa fifita. Maƙwabcinsa a layi shi cikinsa ne damuwarsa: da aka kawo ful da burodi da hantsi, ya leƙa kwano ya ce, "Wanga wake babu shinkahwa?" Ya zaro ƙullin yaji daga aljihun farar riga.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne Magulmaci. Ya sakankance babu mai jin Hausa, ya dubi wani dattijo a kan gado ya ce wa abokinsa, "Dubi wanga tsoho, rakinai ya yi yawa." Tsoho ya ɗago ya ce, "Yaro, ɗan wane gida ne kai a Sakkwato?" Ashe mutumin Mai Wurno ne, garin da ke bakin kogin Shuɗin Nilu, wanda Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya kafa da jama'ar da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Magulmaci ya durƙusa yana "Baba, a gafarce ni", ya wuni yana ɗauke masa buta.

Ƙannenmu masu shirin fita, ko wace ƙasa ce, ku fara gaida mara lafiya da Hausa ku ji ko zai amsa.