Masu Neman Suna A Inda Ba A Raɗa Shi Ba

Kwamfuta ɗaya tana iya goya wasu kwamfutoci a cikinta ta hanyar manhajoji irin su VirtualBox, VMware ko KVM, kowace 'yar goyo da sunanta da lambarta ta IP. Rikicin da ke tona halin ma'aikatan kwamfuta yakan fara ne a nan: ka kira 'yar goyo da lambarta ta amsa, ka kira ta da suna ka ji shiru kamar an aiki bawa garinsu. Zaman gida ɗaya ba ya sa kwamfuta ta san sunan 'yar uwarta. Dole akwai wanda take tambaya, kuma a Linux layin hosts na fayil ɗin /etc/nsswitch.conf ne ke faɗin wa za a fara tambaya, yawanci /etc/hosts sannan sabar DNS. Mutanen da za mu duba ciwonsu ɗaya ne, wato ba sa tsayawa su gano wa aka tambaya, kowa dai da irin tarin da ciwon ke sa shi.

Malam Kashe-Kunna ba zai ɗauke mu lokaci ba, don dabararsa ɗaya ce tak. Za a ce ai wani lokaci tana ci. Haka ne, domin kunnawa kan share tsohuwar amsar da na'ura ta riƙe, ta kuma sa 'yar goyo ta sake kai sunanta wurin mai raba lambobi. Sai dai shi bai san wanne daga ciki ya faru ba, shi ya sa ranar da abin ya ƙi sai ya ƙara yawan kashewar.

Wanda ya fi shi ɓarna shi ne Alhaji Takwas-Huɗu. Shi ya taɓa ji cewa 8.8.8.8, sabar da Google ta buɗe wa jama'a a 2009, maganin kowace cuta ce, don haka da zarar suna ya ƙi amsawa sai ya goge abin da ya tarar ya rubuta ta. Wannan daidai yake da a yi suna a zauren gidanka, ka buga waya Amurka kana tambayar sunan jaririn. Google ta san sunayen duniya, amma ba ta halarci raɗin sunan kwamfutar da ka ƙirƙira da hantsi ba. Abin dariyar ma, a tsarin da libvirt ke zuwa da shi akwai mai unguwa a 192.168.122.1, wato dnsmasq, wanda shi ke raba lambobi yana rubuta sunan duk wadda ta karɓa. Shi kaɗai ya san amsar, kuma shi Alhaji ya sallama. Idan a Ubuntu ne, sai ya buɗe /etc/resolv.conf ya ga 127.0.0.53, ya ɗauka kuskure ne ya gyara, systemd-resolved ya mayar da abinsa, shi kuma ya rantse kwamfutar tana da aljanu.

Magatakarda kuwa ya cancanci a ɗan girmama shi. Shi yana rubuta kowane suna da lambarsa da hannu a /etc/hosts, kwamfuta bayan kwamfuta, kuma yana da tarihi a bayansa: zamanin ARPANET haka ake yi, fayil guda mai suna HOSTS.TXT da ofishin Elizabeth Feinler ke kula da shi a cibiyar SRI ta Kalifoniya, kowa ya kwafo. Masu kare shi za su ce 'yan goyo uku ba sa bukatar sabar suna, kuma ban musa ba, muddin an ɗaure wa kowace lambarta. Amma dalilin da ya sa Paul Mockapetris ya fito da DNS a 1983 shi ne littafin hannu ya kasa bin yawan na'urori. Ranar da mai raba lambobi, wato DHCP, ya sauya wa ɗaya lamba, littafin Magatakarda zai ci gaba da yin kwatancen gidan da aka tashi, da cikakken ƙarfin hali. Ga shi kuma yakan gwada aikinsa da nslookup ko dig, waɗanda ba sa leƙa fayil ɗinsa sam, sai ya yi ta gyaran abin da lafiyarsa lau.

Uban Tagwaye shi ne mai kwafar 'yar goyo ɗaya sau uku, ya bar su da suna ɗaya da /etc/machine-id ɗaya, har mai raba lambobi ya ɗauke su mutum guda ya ba su lamba guda. Hassan da Husaini ma an bambanta musu suna. Ƙaninsa kuma ya bar kowace a tsarin NAT na VirtualBox, inda kowace ke samun 10.0.2.15 a ɗakinta ita kaɗai, ba ta ganin sauran, sannan ya kwana yana zagin DNS. An bar jaki ana dukan taiki, don inda lamba ba ta kai ba suna ba zai kai ba. Sai Sarkin Rusau, wanda yake kashe katangar tsaro gaba ɗaya alhali ƙofa ta 53 kawai ake bukata, ko ta 5353 in sunan mai ƙarewa da .local ne da Avahi ke shela, kuma ba ya komawa ya tayar da ita.

Uzurin da dukkansu ke bayarwa shi ne aiki na gaggawa ne, babu lokacin bincike. Binciken bai kai minti ɗaya ba. Ka yi ping da lamba, in ta ƙi to matsalar hanya ce. In ta amsa, getent hosts zai nuna maka abin da na'urar ke gani a matsayin amsa, resolvectl status kuma ya gaya maka sabar da take tambaya. Kafin ka taɓa ko fayil ɗaya, ɗan uwa, ka fara gudanar da waɗannan ukun.