Mai Ƙirga Sahu

A kasuwar Tcholliré akwai wani tsoho mai goro da muke zama a rumfarsa bayan la'asar. Ya haura tamanin. Hausarsa ba irin tamu ta nan ba ce da ta sha Fillanci ta ƙoshi, domin a zangon Kumasi aka yanke masa cibi. Kowa Baba yake ce masa. Ba a taɓa jin ya gaya wa mutum laifinsa a ido ba, amma idan ka ji ya ce, "Ka tuna mini da wani abu," to ka shafa jikinka.

Kwana uku bayan babbar salla, wani Alhaji ya zo rumfar da littafi a hammata. Allah ya buɗa masa a harkar masara, motocinsa na zirga-zirga tsakanin nan da Garwa, kuma tun bara muke jin ƙishin-ƙishin cewa ransa ya biya da siyasa. Ya gaida Baba, ya zauna a bakin benci, ya buɗe littafin. Ashe ranar idi, mutane na ta kabbara, shi yana ƙirga sahu. Sahu kaza, kowane sahu mutum kaza, ya ninka, ya ƙara da na Rai Buba da Tuboro da Madingirin.

"Baba, lissafi ba ya ƙarya," in ji shi. "Duk wanda ya sa goshi a ƙasa ranar nan namu ne. Ƙaramar jam'iyya za mu kafa. Ba za mu rubuta addini a takarda ba, amma kowa zai san ta wa ce. Malamai su yi mana huɗuba biyu, an gama. Ko kujera ɗaya muka samu, manya da ƙafarsu za su zo neman mu."

Baba bai ɗago ba. Ya kwance bakin huhu, ya ɗaga ganyen, ya yayyafa ruwa, ya shiga ware marsa gefe guda, minu gefe guda. Can ya ɗauki wata goriya ja jawur, mai sheƙi, ya juya ta, ya ɓare. Cikinta duk sankara ta cinye. Ya jefa ta a kwandon shara.

"Alhaji, ka tuna mini da wani abu."

Muka gyara zama.

Ya ce tun ba a haife shi ba, a 1932, Musulmin Ankara, babban birnin Gwalkwas, suka kafa wata ƙungiya ta taimakon juna. Ba ruwanta da zaɓe. Sai girgizar ƙasa ta 1939 ta rusa gidaje, aka zo rabon kayan gini, mutanen zango suka ga kamar an mai da su saniyar ware. Daga nan aka fara cewa wanda ba shi da baki a majalisa, ko kuka ya yi ba mai ji.

"Kuma kukansu na gaskiya ne, Alhaji, kada ka ce na ce ba shi ba ne. Mahauta da 'yan goro da 'yan dako suna biyan haraji kamar kowa, amma in an zo rabon rumfa sai a tuna baƙi ne."

Zuwa 1954 ƙungiyar ta rikiɗe ta zama jam'iyya, MAP, ta Musulmi. A Kumasi ƙashin bayanta shi ne Sarkin Zango, Alhaji Amadu Baba, da Alhaji Usman Ladan. Mahaifin Baba yana cikin masu zuba kuɗi. Baba ya ce yana yaro ya ga iyayensa zaune a zaure da fitilar ƙwai, suna lissafin yawan Musulmin ƙasar, masallaci bayan masallaci, har suna musun wanda zai zama minista.

"Irin wannan littafin naka ne, sai dai nasu bangonsa shuɗi ne."

Aka yi zaɓe a watan Yuni na 1954. Kujeru 104 ne a majalisa. Jam'iyyar Musulmi ta samu ɗaya.

Alhaji ya ce, "To ina sauran Musulmin suka shiga?"

"Suna nan, ba wanda ya fasa salla. Dagomba da Gwanjawa da mutanen Wa suna da jam'iyyarsu ta arewa, abin da ya dame su shi ne hanya da makaranta da martabar sarakunansu. Samarin zango da yawa kuma Kwame Nkuruma suke so, don shi ke cewa Bature ya tafi yau, ba gobe ba. Mutum zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da kai a bayan liman, in ya shiga ɗakin zaɓe ya tuna da kuɗin makarantar ɗansa."

Ya ce da aka ga kujera ɗaya ba ta dafa tuwo, sai aka nemi babban bango. A wannan shekarar Asantawa suka kafa tasu, NLM, a ƙarƙashin Bafo Akoto, mai magana da yawun Sarkin Asante. Su damuwarsu farashin koko ne da ikon Kumasi a kan dukiyarta. Ba koko a zango, amma aka ƙulla ƙawance. In za a yi taro, yaran zango ake ɗiba su cika fili. In an yi arangama da mutanen Nkuruma, kawunan yaran zango ake ɗaurewa da bandeji. A zaɓen Yuli na 1956 jam'iyyar Nkuruma ta kwashe 71, ta arewa 15, ta Asantawa 12. Ta Musulmi ta sake samun ɗaya, a arewacin Kumasi, wani lauya mai suna Kobina Kesi ya hau ta.

Baba ya tsaya ya sallami wata yarinya da ta zo sayen goron dala ashirin, sannan ya ci gaba.

"Abin da ya fi ƙona mini rai ba kujerar ba ce. Ƙanen mahaifina yana ɓangaren Nkuruma. Uwa ɗaya uba ɗaya suke. Tun da aka fara cewa wannan jam'iyya ta Musulmi ce, sai tambaya ta biyo baya: to wanda ba ya cikinta fa, shi mene ne? Aka wayi gari ba sa cin tuwo a akushi ɗaya. Wannan ba ya bin limamin wancan. Har ginin babban masallacin Kumasi sai da rigimar ta taɓa."

Gwalkwas ta samu 'yancin kai ranar 6 ga Maris, 1957, ta zama Gana. Kafin damina ta ƙare gwamnati ta waiwayi 'yan hamayya, kuma kowa ya san inda ake tsallake katanga. Sarkin Asante ba ya koruwa, Bafo Akoto ɗan ƙasa ne ba musu. Sai aka ce Amadu Baba da Usman Ladan baƙi ne, su bar ƙasar. Suka garzaya kotu suna cewa a nan aka haife su. Shari'a ba ta ƙare ba majalisa ta zauna ta yi doka ta musamman, da sunayensu su biyu a jikinta, aka tura su Najeriya. Sarautar zango ta koma hannun Malam Mutawakilu, na ɓangaren gwamnati. A watan Disamba aka haramta duk jam'iyyar da ta tsaya a kan addini ko ƙabila ko yanki. Kafin nan ma ƙananan sun riga sun narke cikin babbar jam'iyyar hamayya ta Dakta Busiya, ta Musulmi ta bi su, ko sunanta bai rage ba.

"Mahaifina ya ce ba komai, ranarmu na zuwa. Ya sa hoton Busiya a shago. Soja suka kifar da Nkuruma a 1966, ya yanka rago. Busiya ya hau mulki a 1969, ya sake yanka wani. A watan Nuwamba na shekarar, abokin namu ya ba da oda: duk baƙon da ba shi da takardar zama, sati biyu, ya fita."

Rumfar ta yi tsit.

"Gidan da muka gina, an saye shi a kuɗin da bai kai na ƙofofinsa ba. A bayan babbar mota muka fito, mahaifiyata ta rungume tukunya ɗaya. Ƙanen mahaifina, wanda suka shekara goma ba sa gaisawa, a mota ɗaya aka loda su. Wanda ya rubuta odar bai tambayi wa ke bin wane limami ba. Daga Kano na gangaro Yola, daga Yola Garwa, ga ni yau ina sayar maka da goro."

Wani malamin makaranta da ke tare da mu ya ce ai ko a nan gida an ga yadda kujera ke zagwanyewa: UNDP ta Bello Buba Maigari, wadda ba ƙarama ba ce kuma ba ta addini ba, ta ci 68 cikin 180 a 1992, ta dawo 13 a 1997, ta koma ɗaya a 2002. Baba ya ɗaga masa hannu.

"Malam, ni labarin Kumasi nake bayarwa. Na nan ban san shi ba. Kuma mu da ke zaune a Tcholliré, muna ganin katangar gidan yarin da aka riƙa kawo 'yan siyasa zamanin Ahijo, ba sai an koya mana iya baki ba."

Alhaji ya yi murmushin yaƙe, ya ce ai zamani ya canza. Baba ya ce ƙwarai kuwa, zamani ya canza, har goro ma yanzu a mota yake zuwa ba a kan jaki ba, sankara ce dai ba ta canza ba. Alhaji ya ce a ƙirga masa ƙwarya biyar.

"Na ɗaurin aure ne ko na taro?"

Alhaji ya ɗan yi jim. "A ajiye tukuna, Baba. Zan aiko."

Aka kira magariba, muka nufi masallacin kasuwa. Liman ya juyo ya ce a daidaita sahu, a toshe kafa. Na duba, sai ga Alhaji ya faɗo tsakanin wani ɗan jam'iyyar gwamnati da wani tela da kowa ya san ɗan hamayya ne tun 1992, yatsun ƙafarsu na taɓa juna. Da aka sallame, muna neman takalma, Baba ya matso kusa da shi, ya rage murya.

"Alhaji, yau nawa ka samu?"

Alhaji ya sunkuya yana gyara takalminsa, ya daɗe bai ɗago ba. Washegari da na zo rumfa, na tarar da yaron Baba yana naɗa wa wata mata goro a cikin wata takarda mai layi-layi, cike da lambobi.