Jinsunan Masu Littafin Tafiya

Tun daga zamanin Ibn Baɗuɗa, wanda ya ratsa ƙasar Mali ya isa Takedda a 1353, har zuwa Malam Abubakar Imam, wanda ya je Ingila a 1943 ya komo ya wallafa Tafiya Mabuɗin Ilmi, ba a taɓa rasa matafiyi mai son adana abin da idonsa ya gani a takarda ba. Sai dai da yake Allah bai halicci 'yan Adam bisa ɗabi'a guda ba, ma'abuta wannan himma, musamman masu haɗa rubutu da zane, sun kasu kashi-kashi.

Na farko shi ne sarkin shiri, wanda zai sayi littafi mai bangon fata, da alƙaluma, da fensira launi-launi, ya sanar da dangi da maƙwabta azamarsa, amma ran da ya komo, in ka buɗe littafin, Bisimilla kaɗai za ka tarar, sai tabon miya a shafi na biyu.

Na biyu shi ne ma'aji, wanda ko Dala da Gwauron Dutse aka kai shi, abin da zai rubuta bai wuce kuɗin mota da na tuwo da cutar da ɗan kamasho ya yi masa ba, har ya zana siffar ɗan kamashon, wai don a gane shi ranar hisabi.

Na uku mai zane ne wanda niyyarsa ta fi hannunsa kyau, domin in ya zana raƙumin Azbin, dole ya rubuta a ƙasa cewa raƙumi ne, in ba haka ba jikokinsa za su yi ta jayayya ko akuya ce ko tukunya mai ƙafa huɗu.

Na huɗu malami ne mai tsantseni, wanda saboda gudun surar mai rai yakan zana Kasuwar Kurmi da rumfunanta da lungunanta ba ko mutum guda, har mai dubawa ya yi salati ya tambaya wace annoba ce ta auka wa Kanawa.

Na biyar shi ne mai mubalaga, wanda kowane kududdufi ya tsallaka ya zama Bahar Maliya, kowace kyanwa ta gifta masa ta zama damisa, kuma kullum shaidunsa sun riga mu gidan gaskiya.

Amma wanda ya cancanci yabo shi ne irin Barth, Bajamushen nan da ya kira kansa Abdulkarim, wanda ya iso Kano a 1851, ya zana birnin daga Dala, ya bayyana rininta da saƙarta da fataucinta, har yau masu tarihi na ɗiba daga aikinsa. Saboda haka, ya kai mai niyyar tafiya, ka fara kallo tukun, sa'an nan ka rubuta gaskiyar abin da ka gani, ko da raƙuminka zai buƙaci sharhi.